Yaƙin Barira da Sifilin Ɗan Kande

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya yi mata gabas da yamma, domin kada matafiyi ya ce bai san inda ya dosa ba. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwabzawar da aka yi a garin Wudil, a tsakiyar damina, tsakanin sifili da sadaukiya ma'abociyar alfarma, Barira 'yar Tabawa ungozoma, jikar Gwamma mai yankan cibi, tattaɓa-kunnen Yalwa wadda masu riwaya suka haɗu a kan cewa ta karɓi haihuwar tagwaye a cikin kwalekwale kogi yana cike, sa'an nan ta ƙarasa tuƙin da hannunta saboda mai fito ya suma. Barira ta Ɗayyabu, giwar ɗakin haihuwa, dodon masu gudun allura, wadda ganinta da auduga ke sa ƙato ya tuna da uwarsa, bango majinginar masu naƙuda, mai tsawa ɗaya da ke fitar da surukai bakwai daga ɗaki.

Shekara ashirin da biyar wannan baiwar Allah ta yi tana aiki a ƙaramin asibitin unguwarsu a matsayin mai taimaka wa ungozoma. Ita ke wanke ƙarafa, ita ke gyara gado, kuma sau da yawa ita ke karɓar jaririn kafin mai takarda ta gama sa safar hannu. 'Yan matan da ta koya wa naɗe jariri sun tafi makaranta sun dawo da farar hular ungozoma, yanzu su ke aikenta. Ba ta riƙe su a zuci ba, amma ta ƙudurta cewa ita ma sai ta shiga makarantar ungozoma, ko da dogara sanda za ta shiga. Ƙofar wannan makaranta kuwa wani basamude ne ke gadinta, ana ce masa fizis, wanda ba ya barin kowa ya wuce sai da kiredit. Sau uku Barira tana kai masa farmaki a jarrabawar 'yan waje, sau uku yana koro ta gida da faɗuwa mai lamba tara. A karo na huɗu, tana da shekara arba'in da biyar, ta yi alwashin cewa wannan ne na ƙarshe, ta rubuta sunanta a ajin manya da ake yi ranar Asabar a wata firamare da ke bayan tasha.

Mai riƙe da ragamar wannan aji wani siririn matashi ne mai tabarau, Malam Nafi'u. Duk ajin Malam suke ce masa, har da wani sajan mai furfura da ke zama a layin baya yana neman ƙarin girma a wurin aiki. Barira kaɗai ce ba ta taɓa ce masa Malam ba. Ɗan Kande take kiransa, domin Kande ƙawarta ce tun yarinta, kuma da hannunta ta yanke masa cibi ranar da ya zo duniya ta ƙafa, ya wahalar da kowa. Shi kuwa Iya yake ce mata, ba ya haɗa ido da ita sai dole.

A wata Asabar da masana tarihi ba za su manta da ita ba, Malam Nafi'u ya ɗauki alli ya rubuta a allo cewa darasin yau matsakaicin belositi ne. Ya yi bayani dalla-dalla cewa sauri daban, belositi daban. Sauri yana ƙirga duk ƙasar da ƙafa ta taka, ya raba da lokaci. Belositi kuwa ba ruwansa da yawan taku, tambayarsa guda ce: daga inda ka tashi zuwa inda ka tsaya tazara nawa ce, ta wace fuska, cikin lokaci nawa. Wannan bayani mai daraja ya wuce ta saman kan Barira, domin a daidai lokacin tana yi wa maƙwabciyarta a benci raɗa a kan maganin basir. Ba ta dawo fagen fama ba sai da ta ji an karanto tambaya: wata mata ta tashi daga ƙofar gidanta ta yi mita ɗari uku gabas zuwa famfo cikin minti biyar, ta juyo gida cikin minti biyar, mene ne matsakaicin belositinta?

Nan take Barira ta zare biro kamar yadda barde ke zare takobi. Ɗari uku da ɗari uku, ɗari shida. Minti goma, daƙiƙa ɗari shida. Ta raba, ta ga lissafi ya fita tas ba ragowa, abin da bai taɓa faruwa da ita ba a yaƙe-yaƙe uku da suka gabata. Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta shelanta wa duniya cewa mita ɗaya ne a kowace daƙiƙa.

Malam Nafi'u ya dubi silin, ya ce wannan shi ne matsakaicin sauri, kuma Iya ta yi ƙoƙari. Amma belositi sifili ne, tunda inda matar ta tashi nan ta tsaya.

Barira ta ajiye biro a hankali.

"Ɗan Kande, matar nan ta je famfo ko ba ta je ba?"

"Ta je, Iya."

"Ta dawo da ruwa a ka?"

"Littafi bai ambaci ruwa ba, Iya."

"To littafi bai taɓa ɗaukar tulu ba. Ni shekara ashirin da biyar ina zuwa asibiti ina dawowa gida a ƙafa. Nawa ne nawa belositin?"

A nan ne Malam Nafi'u, Allah Ya yafe masa ƙuruciya, ya furta kalmar da ta tada ƙurar yaƙi. Ya ce idan daga ƙofar gida aka fara ƙirga, aka kuma ƙare a ƙofar gida, to na Iya ma sifili ne.

An ruwaito cewa sajan na layin baya, wanda ya sha ganin tarzomar kasuwa bai girgiza ba, ya sunkuyar da kai yana karanta lahaula. Barira ba ta ɗaga murya ba, kuma waɗanda suka san ta sun san wannan ya fi tsawarta haɗari. Ta shaida wa ajin cewa gobe za ta yi tafiyar matar nan da ƙafarta, da awo, da agogo, da shaida baligi mai hankali, ta kawo hujja Asabar mai zuwa. In hujjarta ta tsaya, ɗan Kande zai goge sifilinsa da hannun rigarsa. In ta faɗi, za ta miƙe a gaban kowa ta kira shi Malam. A cikin ranta kuwa akwai wata magana da ba ta faɗa ba: in har ilimin nan haka yake, yana mayar da wahalar mace ba komai ba, to ita da shi sun raba gari, farar hula kuma ta haƙura da ita har abada.

Washegari Lahadi, da sanyin safiya, bayan ruwan da aka yi ya bar hanya caɓal, aka kaɗa tamburan yaƙi. Rundunar mutum biyu ce. Na farko ita Barira, sanye da takalmin roba, ɗamara da mayafi, agogon auna bugun jini maƙale a ƙirjinta kamar lambar girma. Na biyu maigidanta Malam Ɗayyabu tela, damo sarkin haƙuri, mai zare ba ya tsinkewa, wanda a shekara ashirin da bakwai na aure bai taɓa cin gardama ba, bai kuma taɓa neman ci ba. Shi aka naɗa sarkin awo, aka kuma naɗa shi shaida, ba tare da an tambaye shi ba. Makaminsa tef ɗin awon ɗinki, mai tsawon mita ɗaya da rabi. Ya yi lissafi a zuci ya gano cewa mita ɗari uku na nufin ya durƙusa sau ɗari biyu a zuwa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar uwargida, ya ce bismillah.

Aka nemi gabas, Malam Ɗayyabu ya nuna inda yake fuskanta kullum sau biyar, Allah kuma Ya sa famfon burtsatse na unguwa ta nan yake. Ƙarfe bakwai daidai Barira ta dubi agogo ta yi kirari: "Ni ce ta Tabawa! Maigida, shimfiɗa!"

Ga yadda tsarin yaƙin yake. Sarkin awo ya durƙusa ya shimfiɗa tef a ƙasa, sadaukiya ta yi taku uku zuwa ƙarshensa ta kira lamba, shi kuma ya ja gwiwa ya sake shimfiɗawa daga yatsan ƙafarta. Haka rundunar ta riƙa kutsawa cikin ƙasar abokan gaba, taƙi bayan taƙi, da sauri irin na hawainiya mai ciwon baya.

A shimfiɗa ta goma sha tara aka yi Gumurzun Kwata, inda kan tef ya faɗa cikin ruwan da ba a ambatar sunansa, sarkin awo ya ciro shi da tsinke yana istigfari. A ta arba'in da ɗaya aka yi Harin Agwagi, sa'ad da wata uwar agwagwa da 'ya'yanta tara suka ratsa sahun runduna cikin isa da ƙasaita, suka taka tef ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya iya ce musu uffan saboda na mai unguwa ne. Amma mafi munin asara an yi ta ne a shimfiɗa ta sittin, a Kwanton-Ɓaunar Gaisuwa. Wata tsohuwa da Barira ta taɓa yi wa allura ta fito daga zaure ta kama hannunta, ta tambayi lafiyar 'ya'ya biyar kowanne da sunansa, ta tambayi awaki, ta ba da labarin ƙugunta tun daga farkon ciwon. Barira tana amsawa tana satar kallon agogo, tana ganin daƙiƙoƙi suna faɗuwa kamar mayaƙa a bakin ganuwa. Da suka kuɓuta ta umarci sarkin awo ya cire minti takwas ɗin nan daga lissafi. Malam Ɗayyabu ya ce shi dai shaida aka naɗa shi, kuma lokaci na Allah ne, tsayuwa ma cikin tafiya take. Wannan ita ce gardama ta farko da ya ci a rayuwarsa, kuma bai lura ba.

Kafin nan labari ya riga ya zaga unguwa cewa hukuma ta aiko a auna hanya za a yi rusau. Mai kanti ya fara kwance rumfarsa. Wani ya ce kwalta za a zuba, ya yi wa rundunar addu'a. Mai shayi na bakin hanya, wani dattijo da ake kira Ɗan Azumi, ya ja teburinsa baya taku huɗu, ya ce ai shi tun asali a nan yake.

A gaban teburin nan ne, a shimfiɗa ta tamanin da bakwai, ƙarfe bakwai da rabi, wani abu ya katse yaƙin. Habu bakanike ya fito daga lungu a guje, ba hula, ya zube gaban Barira. Matarsa Hansatu ce ke naƙuda tun asuba, haihuwar fari, mahaifiyarsa kuma ta hana a kai ta asibiti. Barira ta dubi famfo da ke can gaba, ta dubi Habu, ta ja tsaki irin na sarkin da aka kira sulhun makiyaya ana tsakiyar yaƙi. Ta juya ga sarkin awo, wanda yatsansa ke danne da ƙarshen tef, ta ba shi umarnin da ya shiga tarihi.

"Maigida, tamanin da bakwai. Kada ka gusa daga nan."

Ta bi Habu.

A tsakar gidan ta tarar da Hansatu, yarinya ce doguwa, gumi ya jiƙa ta, tana zagaya turmi tana dafa bango. A kan kujera 'yar tsugunno kuma ga surukarta Gwaggo Asabe, riƙe da carbi, tana ƙirga mata zagaye. Gwaggo ta ce su haka aka yi musu, tafiya ce ke sauko da ɗa, ita ta haifi tara ba wanda ya ga likita. Barira ta shigar da yarinyar ɗaki ta kwantar, ta ɗora tafin hannu a kan mararta ta auna kan jaririn da yatsu, yadda uwarta ta koya mata kuma ma'aikatan asibiti suka tabbatar. Yatsa huɗu na kan suna sama, bai sauka ba. Ta dubi agogo, takwas saura kwata. Ta ce za ta ba su awa biyu, in bai sauko ba ba sauran magana. Ta zauna tana shafa wa yarinyar baya, tana ba ta ruwan ɗumi, Gwaggo kuma tana tashinta zagaye duk sa'ad da ciwo ya lafa.

Goma saura kwata Barira ta sake aunawa. Yatsa huɗu. Ta ce wa Habu ya nemo adaidaita. Gwaggo Asabe ta tare ƙofa da carbinta, ta ce ina dalili, yarinya ta yi zagaye saba'in da uku a gaban idon kowa, ai aiki yana ci gaba.

A nan giwar ɗakin haihuwa ta saki tsawar da aka san ta da ita.

"Gwaggo, ni ba zagaye nake ƙirgawa ba! Ko dubu ta yi, ba shi na tambaya ba. Ina kan yake ɗazu? Yatsa huɗu. Ina yake yanzu? Yatsa huɗu. Awa biyu bai gusa ba, sifili ke nan!"

Kalmar ta fita daga bakinta ta tsaya a tsakar gida kamar baƙon da ba a gayyata ba. Barira ta dubi turmin, ta dubi sawun ƙafar Hansatu da ya yi masa zobe a taɓo, hanyar da ta fara a bakin ɗaki ta ƙare a bakin ɗaki. Ba wanda zai ce yarinyar nan ba ta wahala ba, ga gumi, ga sawu. Amma tambayar da rai ya rataya a kanta ba wahala take aunawa ba. Shekara ashirin da biyar ke nan tana ɗebe awon farko daga awon ƙarshe tana rabawa da awanni, a kan ciki ɗari-ɗari, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa abin yana da suna a littafi. Habu ya rantse daga baya cewa ya ji ta ce "ɗan Kande" a hankali, da wata kalma da ba zai maimaita ba.

Gwaggo Asabe dai ta kauce daga ƙofa.

Abin da ya biyo baya ba shi da wani muhimmanci ga wannan tarihi, don haka za mu taƙaita. An sa Hansatu a adaidaita an yi kilomita biyu zuwa asibiti, Barira tana riƙe da kanta tana yi wa direba tsawa a kan ramuka. Ungozoma mai farar hula, ɗaya daga cikin waɗanda Barira ta koya wa naɗe jariri, ta duba ta ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Aka sa ƙarin ruwa, aka yi abin da ya kamata. Barira ta je kemis da gudu ta dawo, rabin kilomita zuwa, rabi dawowa. Ƙarfe sha biyu da rabi aka haifi 'ya mace, ta tsala kuka, uwa ta samu lafiya, Habu ya zauna a ƙasa yana share ido da tsumman mai. Duk wannan ya jawo wa rundunar asarar awa shida.

Yanzu mu koma fagen daga, inda ainihin jarumtaka take. Malam Ɗayyabu, dutsen da ba ya kaucewa, yana nan a shimfiɗa ta tamanin da bakwai. Awa ta farko da babban yatsa ya tsare iyakar. Da yatsa ya mutu ya sauya da diddige. Da rana ta ɗaga Ɗan Azumi mai shayi ya tausaya masa ya miƙo benci, aka ɗora ƙafar bencin daidai kan tef a gaban shaidu biyu, shi kuma ya zauna a kai. Masana sun yi saɓani a kan dalilin da ya hana shi ɗora dutse ya tafi gida. Wasu sun ce bai tuna ba. Shi da kansa ya ce ba a ce masa dutse kada ya gusa ba, shi aka ce wa. A nan ya sha shayi kofi uku. A nan ya musanta zancen rusau sau goma sha huɗu. A nan wani ya kawo masa yadi yana son ɗinkin kaftani, sarkin awo ya ce tef yana bakin aiki, ya auna shi da taƙi.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka hango Barira ta ɓullo ta lungun da ta shiga, a ƙafa, mayafi a kafaɗa, takalmi ya yi nauyi da taɓo. Ta zo ta tsaya daidai inda ta tashi, yatsan ƙafarta a bakin tef. Malam Ɗayyabu ya yi mata sannu, ya tambayi mai jiki, ya yi hamdala. Sa'an nan ya zamo daga benci ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ce tamanin da takwas ke nan.

Ta ce ya naɗe tef.

Ta zauna a ɗaya gefen bencin ta karɓi shayi, ta ciro takarda daga jaka. Ta rubuta kilomita biyu zuwa asibiti, biyu dawowa, ɗaya na kemis, biyar ke nan cikin awa shida. Wannan sauri ne, kuma nata ne, ba mai ƙwace mata. Sa'an nan ta ja layi ta rubuta inda ta tashi, gaban teburin Ɗan Azumi, da inda ta tsaya, gaban teburin Ɗan Azumi. Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta zana ɗan zoben sifili da hannunta.

Malam Ɗayyabu ya leƙa. Ya nemi bayani, ta yi masa a taƙaice, ba da son ranta ba. Ya juya maganar a ransa. Ya tambaya ko shi ma da ya wuni a kan benci yana da nasa belositin. Ta ce sifili. Ya tambayi nata. Ta ce ya gani ai.

"Ashe kunnen doki muka yi," in ji Malam Ɗayyabu.

Tarihi bai adana amsar da ta ba shi ba. Abin da aka sani shi ne ranar da kansa ya ɗumama tuwo.

Kwana biyar Barira tana shirya jawabin miƙa wuya, domin ta ce in za a faɗi a faɗi da daraja. Ta tsara shi da gabatarwa, da tarihin kakanninta, da misalin turmi, da nasiha ga matasa kada su raina iyaye ko da suna da gaskiya. Ta gwada shi a gaban madubi, ta gwada shi a gaban maigida. Ranar Asabar ta saka atamfar da take zuwa suna da ita, ta shiga aji kamar mai shiga birnin da aka ci da yaƙi.

Ba ta san cewa shi ma Malam Nafi'u bai ga da daɗi ba a makon nan. Labari ya kai wa Kande, ta hana shi abinci kwana biyu, ta ce yaron da ya zo ta ƙafa ba shi da bakin gaya wa Barira sifili. Don haka ya shigo aji da niyya ɗaya tak, kada a sake tada maganar. Yana ganin Iya ta miƙe ta gyara murya, ya ɗauki tsumman goge allo.

"Malam," in ji Barira, kalmar ta fito kamar ana cire haƙori. "Sifili ne. Dalili kuwa, tun zamanin kakata Yalwa..."

"Daidai ne, Iya, madalla," in ji Malam Nafi'u da sauri. "Maki biyu ake ba shi a jarrabawa."

Kafin ta haɗiye yawu ya juya ya goge allo. Ya ce yau an shiga sabon babi, wato yadda shi kansa belositin ke ƙaruwa ko raguwa, kuma wannan ya fi na baya wuya nesa ba kusa ba. Ya ce wanda ke son ya gane shi sosai ya samu keke ya gangara tudu, wani yana riƙe masa agogo. Barira tana tsaye da jawabi mai shafi uku a hannu. Sajan ya yi tafi sau biyu, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina. Ta zauna. Ta ɗauko littafin fizis ta duba inda aka kai, shafi na goma sha huɗu. Ta juya shi ta duba ƙarshe, shafi na ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta naɗe jawabin ta sa a jaka, ta zare biro ta rubuta kwanan wata.

Da la'asar ta koma gida ta shaida wa maigida cewa gobe Lahadi akwai fita, za a nemi tudu, kuma ya duba mata lafiyar kekensa. Malam Ɗayyabu ya ce to. Ya jira ta shiga madafa, ya lallaɓa zaure, ya durƙusa gaban keken, ya sace iskar tayoyin duka biyu.